Gemun da Alhaji Ilu Ya Bar Mini Amana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina zaune a bakin gado ina sosa haɓa, sai waya ta yi ƙara. Hajiya Rabi ce, matar Alhaji Ilu. Ta ce, "Baba Malam, abokinka ya tafi."

Na ajiye wayar, hannuna ya koma haɓa da kansa. Gemun da ke fuskata yau ba nawa ba ne, na Ilu ne, ajiya ya ba ni. Gara in yi muku bayani, tunda wasunku har sun fara kirana Ustaz.

Ga wanda bai san shi ba, Alhaji Ilu mutumin Maraɗi ne, direban bas a filin jirgin sama, mazaunin garin Sterling a nan Amurka. Ni kuwa tsohon mai fassara labarai ne a rediyo. Ni kaɗai nake zaune a College Park tun rasuwar uwargida. 'Ya'ya sun watsu, ƙafa ta ƙi, ido ma ya fara yajin aiki.

A wajen wani suna muka haɗu, shekaru da dama da suka wuce. Ya gan ni a waje ina jiran tasi cikin sanyi, ya ce in shiga ya kai ni. Daga ranar ya ɗora wa kansa ni. Kowace Lahadi sai ya zagayo wannan doguwar hanya da kwanon tuwo daga Hajiya. Ya canja mini ƙwan fitila idan ya mutu, ya karanta mini ƙananan rubutun jikin kwalbar magani, sannan ya ƙwace mini rimot.

Domin Ilu mayen wasan hoki ne, wanda ake yi a kan ƙanƙara.

Mutumin da ya girma a garin da ake sayen ƙanƙara a leda da azumi, shi ne ya zo ya maƙale wa wasu ƙartai masu gudu a kanta da takalma masu wuƙa a ƙasa, kowa riƙe da sanda kamar kere. Yakan ɗora jar rigar ƙungiyar garin nan a kan kaftani, ya kafa hula, ya zauna a gefen kujerata.

Ni ban taɓa ganin abin da suke bi ba. Wani ɗan baƙin faifai ne wai, bai fi murfin gwangwanin madara ba. Idona ba ya kama shi. Sai Ilu ya riƙa faɗa mini: "Ga shi can a kusurwa, Malam. Ya dawo. Ya tafi. Kai! Wannan yaro, uwarsa ba ta ba shi koko ba yau."

Yana da ra'ayi a kan komai. Ya ce hoki ne kaɗai wasan da ya san halin ɗan Adam. Idan 'yan wasa biyu suka fusata, alƙalin wasa yakan koma gefe ya bar su su dambace, in sun gaji ya kai kowa ɗakin gilashi ya zauna ya huce. "Da haka muke yi a taron ƙungiyarmu ta Hausawa," in ji shi, "da tuni mun gina makarantar Islamiyyar nan."

Idan watan Maris ya kama kuma, sai ya koma ƙwallon kwando na jami'o'i, gasar nan ta sili-ɗaya-ƙwale. A nan ma bai bar ni na huta ba. Ya ce gasar ba ta da imani: yaro ya yi shekara yana gumi, a kayar da shi sau ɗaya, ya tafi gida yana kuka a gaban uwarsa a talabijin. A hoki kuwa sai an kara har sau bakwai idan ta kama, ka sha kaye da mutuncinka. Ya ce minti biyun ƙarshe na ƙwallon kwando sun fi huɗubar Idi tsawo. Duk da haka ba ya tashi.

Kuma kullum ƙaramar makaranta yake goya wa baya, wadda ko sunanta bai iya faɗa ba. Nakan ce, "Ilu, a zamaninmu an koya mana a duba hujja kafin a yanke hukunci." Sai ya ce, "Malam, hujja ta manya ce. Ni ina tare da wanda ya zo a bas."

Bana wata ƙaramar jami'a ta wajen Baltimore ta kayar da wadda kowa ya ce ita za ta ɗauki kofi. Washegari, ba ma Lahadi ba, sai ga Ilu a ƙofata. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Ina hujjar?"

To, ga maganar gemu.

Masu hoki suna da wata al'ada. Idan aka shiga zagayen neman kofi a watan Afrilu, 'yan wasa da magoya bayansu ba sa aske gemu sai ranar da aka fitar da su. Ilu ya ɗauki wannan da gaske fiye da 'yan wasan.

Shekarar farko da ya yi haka, mutanen masallacinsu na Sterling suka ga fuska ta cika. Aka fara matsa masa wuri a sahun gaba. Ana gaishe shi da hannu biyu. Wani bawan Allah har ya tare shi a wajen takalma da tambaya a kan rabon gado. Ilu ya ce masa ya bari sai ya yi nazari.

Bayan 'yan makonni ya shigo Juma'a da fuska sumul kamar ƙwai. Wani dattijo ya ja shi gefe, cikin tausayi ya ce, "Alhaji, lafiya? Me ya sami sunna?"

Ilu ya ce, "Mutanen Pennsylvania ne suka fitar da mu."

Dattijon ya ce Allah ya kyauta, ya tafi yana waiwaye.

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Gemu ya fito a Afrilu, ya faɗi a Mayu, kuma sau da yawa wata ƙungiya ɗaya ce daga can take jawo askin. Hajiya Rabi takan ce ita ba ta bukatar kallon wasa, wurin wanke fuska take dubawa ta san sakamako.

Ni na yi ta yi masa faɗa. Na ce camfi ne. Na ce gashin haɓar direba a Sterling ba ya tura faifai cikin raga. Ni tun ina kwalejin horon malamai, inda shugabanmu Bature yake duba haɓar kowa a layi da safe, ban taɓa fita da gashi a fuska ba. Ko ranar da aka kwantar da ni asibiti sai da na nemi reza.

Ilu ya ce, "Na sani, Malam. Allah ke ba da nasara, ba gemu ba. Amma idan mutanenka suna cikin wahala, ai ka bar wani abu ya dame ka kai ma."

Bana gemun ya yi tsawon da bai taɓa yi ba. Sun kayar da mutanen Pennsylvania ɗin, abin da Ilu ya daɗe yana jira. Amma tari ya riga ya kama shi tun sanyi, yana cewa mura ce. Lahadi ta zo ban ji ƙarar motarsa ba. Aka ce an kwantar da shi, huhu ne.

Wani maƙwabci ya kai ni dubiya da rana. Na tarar ana rigima a ɗakin. Nas tana tsaye da reza a hannu, tana bayani cewa abin numfashin da za a ɗaura masa ba ya kama fuska saboda gashi, iska tana zurarewa ta gefe. Ilu ya rufe haɓa da hannu biyu. Hajiya tana kuka tana cewa, "Alhaji, ka ji tsoron Allah, numfashinka ne fa." 'Yarsu tana roƙonsa da Turanci, yana ba ta amsa da Hausa: "Ba a fitar da mu ba tukuna."

Da ya gan ni, sai idonsa ya yi haske irin na mai shirya mugunta.

Ya ce, "Yauwa, ga Malam. Malam, matso. Kana son in bari a aske?"

Na ce, "Yanzu-yanzu ma, Ilu. Kada ka zama abin labari."

Ya ce, "To kai ka riƙe mini."

Na ce, "In riƙe me?"

"Gemun. Daga yau ka ajiye reza, sai ranar da aka fitar da mu ko muka ɗauki kofi. In ka yarda, ta aske. In ba ka yarda ba, mu zauna a haka."

Jama'a, na dubi Hajiya, na dubi nas, na tuna Baturen kwaleji. Na ce na yarda.

Ya ce, "Rantse."

Na ce, "Ilu, ni sa'an babanka ne."

Ya ce, "Shi ya sa na san wayonku."

Na rantse. Aka aske shi, aka ɗaura abin. Da zan tafi ya ɗaga shi kaɗan daga baki, ya ce, "Zai yi ƙaiƙayi a makon farko. Kada ka sosa a gaban mutane." Maganarsa ta ƙarshe gare ni ke nan.

Ya yi gaskiya, yana ƙaiƙayi. Kuma bai fito da kyau ba. Nan fari, nan fili, kamar gonar da awaki suka shiga. Jikata ta gan ni a waya ta ruga ta kira uwarta. Ranar Juma'ar da ta wuce wani saurayi ya tashi ya ba ni wurinsa a sahun gaba, ya ce, "Bismilla, Ustaz."

Ɗazu da Hajiya ta sake kira a kan maganar jana'iza, ta ce, "Baba Malam, ka aske abin nan ka huta. Wanda ya ɗora maka ya tafi, mun yafe."

Na shiga banɗaki da sandata. Na shafa sabulu, na ɗauki reza, na tsaya gaban madubi. Har yanzu ina nan a kan bakana, camfi ne. Amma na ga idan na aske, babu sauran abin Ilu a gidan nan sai rimot da ya ɓoye a bayan kujera.

Na wanke sabulun. Ba a fitar da mu ba tukuna.

Za a yi masa salla bayan azahar a masallacinsu na Sterling. Wanda zai bi ta College Park, don Allah ya tsaya ya ɗauke ni. Na daɗe ban roƙi kowa wannan ba, domin Ilu bai taɓa bari na roƙa ba. Kuma idan akwai mai lafiyar ido da zai iya zama da tsoho ranar wasa na gaba ya riƙa faɗa mini inda faifan yake, ƙofa a buɗe take. Akwai shayi.

Allah ya jiƙan Alhaji Ilu, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya masa makwanci. Yadda ya riƙa zagayo doguwar hanya don wanda ba shi da kowa, Allah ya gajarta masa hanyar Aljanna. Allah ya ba Hajiya Rabi da yara haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce. Idan kuma kun gan ni anjima a sahun gaba da wannan gemu, ku yi mini ta'aziyya kawai, kada wanda ya kawo mini tambayar gado.