Malam Kashe-Tukuna Ya Ajiye Sifana

Kafin ɗalibai su gama wanke ido, Malam ya riga ya buɗe garejin kwalejin aikin gona. Yakan rataye rigarsa a ƙusa, ya zura ta aiki wadda giris ya rine wa aljihu, sannan ya zagaya tarakta da garma da injin casar masara, yana taɓa kowane noti kamar mai gaida maƙwabta. Haka yake yi tun gashin kansa baƙi ƙirin, har ya koma fari fat.

A kwalejin, kowane ɗalibi sai ya bi ta ilimin tsirrai da na gandun daji da kanikancin injunan gona. Na ƙarshen nan shi ne hannun Malam, kuma a nan ya samo laƙabinsa. Ko ganye ne ya maƙale a inji, ka kai hannu, sai ka ji muryarsa daga can ƙarshen gareji: "Kashe tukuna!" Ba ya barin kowa ya tayar da inji sai ya rufe ido ya lalubo wurin kashe shi. Mai doguwar riga ya naɗe hannu, mai mayafi ta soke shi. Ɗalibai sun sha yi masa gunaguni, wai su tuƙin tarakta suka zo koyo, an mayar da su 'yan lalube. Matarsa ma takan ce ko injin markaɗen kicinta bai tsira ba: ta ɗaga murfi za ta leƙa, sai ta ji shi daga falo.

Shi kuwa bai taɓa ɗaukar abin wasa ba. Duk ranar aiki da inji da nauyi a ƙirji yake fitowa, don ya san ƙarfe bai san ɗan kowa ba.

Malamar ilimin tsirrai ta shaida ranar da abin da yake tsoro ya zo. An kawo masarar gonar kwaleji ana casa. Cikin ɗaliban akwai wata yarinya da ake kira Auta saboda ƙanƙantarta, wadda son ganyaye da furanni ne ya kawo ta makarantar, ba son inji ba. Ta sunkuya za ta ɗauki zangarniyar da ta faɗi, gefen mayafinta ya kwance, bel ɗin injin ya cafke shi. Malam yana can wajen buhuna, ga ciwon gwiwa, ya san ko da gudu ba zai kai ba. Ya buɗe baki zai yi ihu, amma kafin muryarsa ta fito, hannuwan ɗalibai sun haɗu a kan makashin injin. Ƙarar ta mutu. Mayafin ya riga ya jawo kan Auta har dab da ƙarfen da ke juyawa.

Malam ya iso, ya yanke mayafin da wuƙar aljihunsa, ya dafa kanta.

"'Yata, juya wuyanki in gani."

Ta juya. Ƙujewa ce kawai a bayan kunne.

Sai Malam ya zauna daɓas a kan buhu, yana ta maimaita Alhamdulillahi, hawaye na bin gemunsa. Wani ɗalibi mai tsokana ya ce, "Malam, yau kam mun riga ka." Kowa ya fashe da dariya, irin dariyar da ke zuwa bayan an sha da ƙyar.

Washegari mahaifin Auta ya iso garejin fuska a murtuke.

"Malam, na zo tafiya da 'yata. Karatu na kawo ta, ba gawa nake so a maido mini ba."

Malam ya ba shi kujera. "Baban Auta, da tawa ce, abin da zan fara tunani ke nan. Ba zan hana ka ba. Amma ka bari mu ji ta bakinta."

Auta ta ɗago kai, ta ce, "Baba, in na tafi yanzu, tsoron nan zai bi ni har gida."

Malam ya miƙe, ya tsaya kusa da ita a gaban injin da ya kusa halaka ta. Ta ɗaure kanta tamau, ta tayar da shi, ta kashe, ta sake tayarwa. Uban ya yi ta kallo. Can ya sauke ajiyar zuciya, ya kama hannun Malam da hannu biyu, ya ce, "To, amanarka ce." Yau Auta ma'aikaciyar gandun daji ce, ita ke koya wa masu sare itace riƙon zarto mai inji.

Malam, kai ne ka jure a kira ka mai takura don yaran mutane su koma gida lafiya. Kai ne ka shafe ƙuruciyarka cikin baƙin mai da tsatsa, ba a taɓa kiran sunanka a taron yaye ɗalibai ba, ba ka kuma taɓa tambayar dalili ba.

Ranar da ya yi ritaya, abokan aiki suka matsa masa ya ce wani abu. Ya miƙe, ya dubi tsoffin ɗalibansa da suka cika garejin, ya yi murmushin mutumin da aka sauke wa kaya, ya ce, "Iyaye sun ba ni 'ya'yansu da yatsu goma-goma. Na mayar musu da su goma-goma. Yanzu sai in yi barci."

Mun gode, Malam. Allah ya sassauta maka gwiwar nan, ya ba ka hutu mai daɗi cikin jikoki. Ku kuma da aka damƙa wa 'ya'yan mutane, a aji ko a gona ko a gareji, ku riƙe su yadda zai zama ranar da za ku tafi, ku ma ku iya duban iyayensu ido cikin ido.