Matar da Ba Ta Juyo Ba

A kakar shekarar da aka kore ni daga aji uku, wata Laraba da hantsi, Baba ya gama yaɓe rumbunmu a ƙauyenmu na bayan Gwashi, ya wanke hannu ya tafi gona. Laka ɗanya, sumul, tana ƙamshin ƙasa da ciyawa. Ni kuwa an bar ni gadin geron da aka shanya. Kaji suka ci rabonsu, ni ma na ci nawa: na sa yatsa na zana Kawu Ɗanjuma a jikin rumbu, kunnuwa kamar faifai, gemu irin na bunsuru. Kafin la'asar laka ta bushe, Kawu ya zauna daram. Duk wanda ya shigo sai ya gaida rumbu kafin ya gaida mutanen gida. Na sha bulala, amma ranar na gane ina da sana'a.

Daga nan babu wanda ya tsira. Gawayi daga murhu, farar ƙasa daga bakin rafi, shunin wanki kuma daga kwandon Inna idan ta yi nisa. Ƙaho da tozo a mashaya na koye su, wurin shanun Fulani maƙwabtanmu, na kuma iya su fiye da baƙaƙen boko. Ita korar ma hancin malaminmu ne ya jawo ta, don na ba shi haƙƙinsa a allo.

Inna kaɗai ban zana ba. Wata rana tana duƙe tana hura wuta ta ce, "Mi na yi maka? Ka zana kowa har jakin liman, ni ka tsallake ni." Na ce ita ba abin wasa ba ce, sai hannuna ya nuna, na ƙware. Ta yi dariya ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Allah shi kai mu. In ka tashi ka rage mini hanci."

Ina Gummi ina koyon zanen jikin mota aka aiko Inna ta rasu. Ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. Da na zauna in cika alkawari, sai na tarar bayanta na haddace. Bayanta a kan turmi, bayanta tana shara, bayanta a hanyar rafi da tulu a ka, ina biye ina jifan ƙadangaru. Tsagen kumatunta na sani, don irin nawa ne. Abin da ke tsakanin tsagen ne ya ɓace mini.

Yanzu ina da 'yar rumfa a Anka kusa da tasha. Ina zana kawuna wa masu aski, kofi mai tururi wa masu shayi, zaki a bayan babur ga yaron da ke tsoron kare. Bayan gubar dalma ta yi ɓarna a wajen Sunke, ma'aikatan lafiya suka zo in zana musu uwa tana wanke wa ɗanta hannu kafin cin abinci. Da na gama, wata yarinya a cikinsu ta ce, "Baba, ya yi kyau, amma uwar ta ba mu baya. Juyo mana da ita." Na gwada. Fuskar matata ta fito, na goge. Ta mai tuwon tasha ta fito, na goge. Na ce mata, "Ɗiyata, wagga mata aiki take, ba ta da lokacin kallonku." Suka yi dariya suka karɓa a haka.

Yau jikokina da waya suke kama fuskar uwarsu ko tana hamma, su adana, ba sa jiran komai ya nuna. Nawa hannun ya nuna, har ya fara rawa. Inna ce har yanzu ba ta juyo ba.