Ranar da Na Kai Baba Shagon Shinuwa

Ina shekara ta uku da fara koyarwa a wata lekol a Zinder, Baba ya zo daga Gidimuni da magana ɗaya: in nemi a mayar da ni makarantar garinmu. Inna ce ta turo shi. Wani ɗan garinmu ya gan ni a kasuwa, ya koma ya ce na rame kamar kara, ita kuwa daga ranar hankalinta bai sake kwanciya ba. Ni ba na son komawa. Ina son ɗakina, ina son in fita in dawo ba mai tambayata ina na je. Sai na ƙudura in nuna wa Baba cewa cikin daɗi nake, kuma wautar da ta zo mini ita ce in kai shi inda ni kaina ban taɓa shiga ba.

Abokin aikina ne ya ba ni labarin wurin. Wani dattijo ɗan ƙasar Sin, waɗanda muke ce wa Shinuwa, wanda ya daɗe yana yi wa ma'aikatan matatar man fetur girki, ya buɗe ɗan shago yana dafa abincin yankinsu, can inda ake kiwon tumaki. Musulmi ne, kuma abincin da araha, ko malamin makaranta zai iya. Girman farantan ne kawai abokin nawa ya manta bai faɗa mini ba.

Baba ya yi sallama a ƙofa. Mai shagon, da farar hularsa, ya amsa daidai, Baba ya waiwayo ya dube ni kamar ni na koya masa. Aka miƙo mini takarda mai hotuna. Na nuna hotuna biyar da yatsa, ina ɗaure fuska irin ta wanda ya saba.

Da abincin ya iso, kowane faranti bai wuce tafin hannuna ba. Ga taliya da aka ja da hannu, loma uku. Ga naman rago 'yan mitsi-mitsi mai wani ƙamshi da ban sani ba, ga kokwamba da tafarnuwa da tsami, ga ƙullin fulawa huɗu da nama a ciki, sai awara tana iyo cikin jan mai. Na rasa ko wannan ne abincin, ko share fage ne. Na leƙa teburin kusa, babu kowa balle in kwaikwaya.

Baba kuwa bai ruɗe ba. Mutum ne da ya tsufa yana sayar da dabino a kasuwanni, ya san ana ba mai saye ɗaya ya ɗanɗana kafin a auna masa. Ya ture 'yan sanduna biyu da aka kawo na cin abinci gefe, ya yi bisimilla, ya ɗauki kaɗan daga kowane faranti yana taunawa a hankali. Kokwambar ya ce ba a gama ta ba. Awarar ta sa shi tari har da hawaye, ya ce wanda ya yi wa awara haka ba ya tsoron Allah. Naman ya yaba. Sai ya yafito mai shagon, ya nuna naman da taliyar.

"Waɗannan biyun sun yi. A zubo mana."

Na fassara da faransanci, mai shagon ya yi murmushi ya tafi. Ya dawo da faranti biyu, girmansu ɗaya da na farko.

Baba ya dube su ya daɗe. Ya tambaye ni ko mutumin bai yarda mun zaɓa ba ne. A nan ya kamata in ce, Baba, ai abincin ke nan, haka suke cinsa, kaɗan-kaɗan iri-iri. Amma ni ma ban tabbata ba, kuma in na ce ban sani ba asirina ya tonu. Sai na ce a ƙaro. Aka ƙaro. Na sake cewa a ƙaro. Baba ya daina ci, yana jiran babban kwano, ni kuma ina ta cinyewa don kada mai shagon ya ga an raina masa girki. Farantai suka taru a gabana, cikina ya cika har ina nishi, Baba yana zaune da yunwarsa yana kallon ƙofar kicin. Haushi ya kama ni, na rasa wa zan ji wa, abokina ko mai farar hula ko kaina.

Can Baba ya goge hannu ya ce mu tashi, shi ya ƙoshi. Ya yi wa mai shagon godiya sosai, har da addu'a.

Muka kama hanyar tasha. Ina ta shirya abin da zan ce in ya taso da zancen komawa gida, don na san na faɗi. Da muka isa wurin motar Gidimuni, ya kwance guzurinsa, ƙullin dabino da ƙuli-ƙuli da Inna ta ba shi don hanya, ya danƙa mini duka.

"Na ga yadda kake ci," in ji shi. "Yunwa ce, kuma ba ka da halin sayen babban kwano, amma ka ƙi bari in gane. Namijin da ya iya rufa wa kansa asiri haka, ba a janye shi gida a kunyata shi. Yi zamanka. Zan ce wa uwarka ka ciyar da ni na ƙoshi."

Na buɗe baki in gyara masa, sai na ga in na gyara, zaman Zinder ne zai tafi. Na karɓi ƙullin. Motar ta tashi da shi, ga doguwar tafiya a gabansa da rana tsaka, ba ko dabino ɗaya a aljihunsa, ni kuma ina tsaye da ƙoshin da ko ruwa ba zan iya ƙarawa ba.