Lambar da Ke Bakin Dram

Ƙamshin ƙarfe mai zafi ya buge ni jiya a bakin wani gareji, sai ga ni a rumfar Kawu, bayan tashar Nyanya, ina 'yar aji huɗu riƙe da kwanon abincinsa.

Aikin Kawu kankare dram ɗin birki ne, kaskon ƙarfen nan da ke bayan taya. In cikinsa ya yi zane, sai ya ɗora shi a inji ya shafe. Amma kafin ya taɓa, sai ya goge bakinsa da tsumma ya ce in karanta masa lambar da aka zuba a jiki, don bai yi boko ba. Ni kuwa da shegen tambaya, na dame shi sai ya faɗa mini amfaninta. Ya ce iyaka ce. In faɗin cikin ya wuce ta, ƙarfen ya yi siriri ke nan, da ya ɗauki zafi sai ya buɗe, birki ya ƙi kamawa.

Wata rana da damina wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya kawo dram na motarsa ta tun samartaka, irin wadda an daina sayar da kayanta. Ranar Asabar zai kai 'yarsa gidan miji cikin gari, kuma ya ci burin a motar nan zai kai ta. Gangaren Kugbo za su bi.

"Oga, ɗan shafa kaɗan kawai," in ji shi.

Wallahi tausayinsa ya kama ni. Da Kawu ya ce karanta, sai na ƙara biyu a kan lambar.

Kawu ya auna. Ya ƙwanƙwasa dram ɗin da sifana, ya kasa kunne. Sannan ya dube ni.

"Sake dubawa."

Na faɗi gaskiya, kunya kamar in nutse. Ya miƙa wa dattijon kayansa ya ce ya yi haƙuri, ba zai taɓa ba. Tasi aka ɗauko wa amarya.

Yanzu samarin gareji kankarewa kawai suke yi, ban ga mai neman lamba ba. Amaryar nan kuwa muna haɗuwa a kasuwar Masaka, da jikokinta. Mu gaisa, mu yi dariya. Ba ta san tausayina ya kusa kashe ta ba.