Ranar da Baba Ya Dasa Kacala

Shekarar da Baba ya zo Landan aka yi masa aikin ido, ita ce shekarar da 'yan council, wato ƙaramar hukuma, suka haƙe filin da ke bayan flat ɗinmu a unguwar Edmonton. Kududdufai uku suka yi, ruwan kwatar titi ya riƙa bi ta cikinsu kafin ya faɗa rafi.

Baba manomin shinkafa ne a fadamar Haɗeja. Rabin rayuwarsa ya ƙare wajen yaƙi da kacala, doguwar ciyawar ruwan nan mai toshe hanyar ruwa ta cinye gona.

Wata Asabar na fita da shi ya miƙe ƙafa, ido ɗaya a rufe da bandeji. Muka tarar da 'yan unguwa cikin takalman roba suna dashe a laka. Baba ya ƙura lafiyayyen idon, ya ce in duba masa, ko dai likita ya ɓata aiki ne.

Na ce, "Kacala ce, Baba."

"Dasawa suke yi? Da hannunsu?"

Kafin in amsa ya naɗe wando ya shiga, ya tumɓuke guda biyu ya yar. A ganinsa taimako ya yi. Baturiyar da ke kula da aikin ta taho da sauri, na zama tafinta. Ta ce saiwar ciyawar ce ke tace datti da man mota, kuma in rafin bai gyaru ba, ba za a ba da izinin gina sababbin gidaje a unguwar ba. Wannan na ƙarshen da ƙarfi na fassara shi, don mu biyar ne a ɗaki biyu, Baban ma a falo yake kwana.

Sai Baba ya ce in gaya mata sun cika matse dashen, su ba kacalar fili, da kanta za ta cike. In kuma ta fi ƙarfinsu, a ƙarƙashin ruwa ake yankanta. Matar ta ciro biro ta rubuta, ta miƙa masa takalma.

Layi guda cur ya dasa, yana istigfari ƙasa-ƙasa.

A hanyar gida ya sa na yi alkawari ba wanda zai ji a Haɗeja. Ashe 'yata ta riga ta tura hoton zauren WhatsApp na dangi. Muna shiga gida saƙon muryar ƙaninsa ya shigo. Minti guda ne, ba komai a ciki sai dariya.