Ƙarfen da ke gonar Baba

Har yau in na hango ƙarfen nan tsaye a gonarmu ta bayan Ɗanzomo, sai raina ya ɓaci. Masu binciken yanayi ne suka kafa shi, Turawa da malaman jami'a da wasu daga Nijar. Suka ce yana auna ruwan sama da zafi da iska, yana aikawa ƙasar waje da kansa. Baba ya ba su wurin kyauta. Ni kuma, da yake ina koyarwa a firamaren garin, aka ɗora mini goge masa farantin sola.

Wata shekara damina ta yi jinkiri, sai ga ruwa ɗan kaɗan. Irin geron da ya rage mana bai fi cikin ƙwarya ba, kuma na gado ne, mai saurin nuna, tun daga kakanmu. Baba ya ce, "Kai da kake shafa abin nan kullum, tambaye shi mana. In shuka ko in dakata?"

Na kira ɗaya daga cikin malaman jami'ar. Ya ce bayanan ba sa tsayawa a wurinsu, sai an tace su a can an dawo da su. Na ce yaushe? Ya ce wataƙila bayan kaka. Wallahi saura ƙiris in buga wayar da ƙasa. Abu a tsakiyar gonarmu yana hira da mutanen da ba su taɓa riƙe fartanya ba, mu kuwa ko kallo ba mu ishe shi ba.

Baba ya gaji da jira ya shuka. Gero ya tsiro gwanin sha'awa, sai ruwa ya ɗauke. Muna ji muna gani ya ƙone. Maƙwabta da muka taɓa ba irin, su ma nasu ya tafi.

Da rani baƙin suka dawo. Wata Baturiya mai fara'a ta ce in gaya wa Baba sun gode, na'urarsa ta kama farin nan daga farko har ƙarshe, duniya za ta amfana. Na gaya masa.

Baba ya ce, "Tambaye ta, tunda masu adana abubuwa ne, ko sun taɓa ɗibar geronmu sun ajiye a can?"

Na tambaya. Ta ce ayya, wannan ba ɓangarensu ba ne.

Har Baba ya rasu yana bin kasuwanni, daga Maigatari zuwa Gagarawa, yana tsoma hannu a buhunan mutane. Bai sake ganin irin ba.