Kunnen Teku Don Yayan Mijina

Yayan mijina ne ya kawo su daga kasuwar kifi ta Jidda, cikin akwatin ƙanƙara. Larabawa na ce musu kunnen teku. Dodon koɗi ne mai ɓawo ɗaya, faɗinsa kamar tafin hannu. Wani ya gaya masa suna ƙara ƙarfin jiki. Ya dire akwatin a ƙofar kicin ɗina a unguwar Zahir, ya ce, "Ki gyara. Bayan Juma'a zan zo da abokina."

Na ce, "Tayyib, Yaya."

Wannan Yayan, lokacin da Innata take jinya a gidanmu, ta lallaɓa ta yi masa dambu da hannunta. Ya ture tiren da ƙafa, ya ce shi ba ya cin girkin mai tallar gyaɗa a bakin titi. Tana bayan labule, ta ji. Ba ta sake shiga kicin ba har ta rasu. Mijina ya ce in yi haƙuri, amma ban haƙura ba.

Ban taɓa ganin kunnen teku ba, sai na hau sama wurin maƙwabciyata 'yar tsibirin Jawa. Ta nuna mini komai, ta kuma ja kunnena: in ba a daddaka naman ba, ko ya daɗe a wuta, tayar mota ta fi shi taushi.

Na zauna bakin famfo da buroshi ina goge baƙin yauƙin, suna motsi a hannuna. In zura cokali ƙarƙashi in ɓamɓare naman daga ɓawo, in yanke koren hanjin, in cire ɗan bakin nan mai tauri. Manyan na ware gefe. Sauran na yayyanka, na daddaka da taɓarya, na ɗan juya su a man shanu da tafarnuwa na sauke. Manyan kuwa ko taɓa su ban yi da taɓarya ba. Na bar su a wuta har na idar da salla, na yi lazimi a natse.

Na zuba wa Yaya manyan a farantin baƙi mai bakin zinariya, shi kaɗai, tunda shi ne babba.

Ina bayan ƙofa ina ji. Abokin yana ta santi, wai nama kamar ɓargo. Yaya kuwa sababbin haƙoran roba gare shi, kuma shi ya gama cika baki da tsadar abin. Ya tauna, ya juya, ya sha ruwa. Can na ji mijina ya ce, "Yaya, lafiya?"

Na leƙa. Haƙoran sama sun fito tare da naman, yana ƙoƙarin rufe su da gefen shimaginsa, ƙyallen da ya yafa a ka. Abokin ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Na koma kicin na cinye rabona har da suɗe yatsu.

Da suka tafi, mijina ya shigo da farantin, ya danna wani yanki da cokali, ya daɗe yana kallona. Bai tambaya ba. Yayan nasa kuwa, yanzu in ya zo gidanmu shayi kawai yake sha.